Rawa da Bazar Wasu: Manyan Ƙasashe da Yaƙin Basasar Chadi

Duk wanda ya taɓa kai kaya Njamena ta hanyar Maiduguri ya san tafiyar: Dikwa, Gamboru Ngala, a haye gada a shiga Fotokol, sannan a ratsa ɗan siririn wuyan ƙasar Kamaru zuwa Kusiri. Daga Kusiri kuwa ana hango Njamena, ruwa ne kawai a tsakani, inda kogin Logon ke haɗuwa da Shari. Yaran yanzu da mota suke hayewa ta gadar Ngeli. Dattawanmu da suka fara bin hanyar kafin a gina gadar a tsakiyar shekarun 1980, jirgin fito da kwale-kwale suka sani. Su ne kuma suka ga shekarar 1980, lokacin da kwale-kwalen suka daina ɗaukar buhuna suka koma ɗaukar mutane, mata da yara da tsofaffi, kowa da ɗan ƙunshinsa a ka, ana tserewa daga birnin da 'ya'yansa ke ruguza shi unguwa-unguwa. Cikin 'yan watanni Kusiri, wadda ƙaramin gari ce a lokacin, ta cika ta batse da dubun dubatan 'yan gudun hijira, wasu kuma suka zarce har Borno.

'Yan uwa, da yawa daga cikinmu sun ji labarin wannan yaƙi a gutsure, a bakin direba ko a teburin mai shayi: Habre, Gukuni, Gaddafi, yaƙin Toyota. Abin da ba a cika haɗawa ba shi ne wa ke bayan wa, kuma don me. Chadi ba ta ƙera ko harsashi ɗaya, a lokacin kuma ba ta fara sayar da man fetur ba, auduga da shanu ne arzikinta. Amma yaƙinta ya ci shekara 25, kuma kafin ya lafa an yi aiki da tankoki da jiragen yaƙi da makamai masu linzami a cikinsa. Ɗan kasuwa idan ya ga yaro marar jari ya cika shago da kaya, tambayar da zai fara yi ita ce wa ya ba shi, kuma me mai bayarwar zai karɓa.

Asalin wutar dai daga cikin gida ta tashi, wannan dole a faɗa. Faransa ta ba Chadi mulkin kai ranar 11 ga Agusta 1960, ta bar ta a hannun Faransuwa Tombalbai, mutumin kudu ɗan ƙabilar Sara. A zamanin mulkin mallaka kudu ce ake noma auduga, can aka fi buɗe makarantun boko, can aka samo ma'aikata da sojoji. Arewa da gabas, ƙasar Musulmi da makiyaya da fatake, an bar su a baya. Can ƙuryar arewa ma, wato Borku da Enedi da Tibesti, sojojin Faransa ne suka ci gaba da riƙe ta har 1965. A 1962 Tombalbai ya haramta duk wata jam'iyya sai tasa. A ƙarshen 1965 manoman Mangalme, a tsakiyar ƙasar, suka gaji da masu karɓar haraji da ke dawo musu ba sau ɗaya ba, ga kuma rancen dole da gwamnati ta ɗora wa talakawa, suka tayar suka kashe jami'ai. Soja ya zo ya kashe ɗaruruwa. A watan Yuni 1966, a garin Nyala na Sudan, Ibrahim Abaca da abokansa suka kafa ƙungiyar tawaye ta Frolinat.

Daga nan ne 'yan waje suka fara shigowa. Tombalbai ya kasa, ya kira Faransa, ta aiko sojoji a 1969 suka yi shekara uku suna farautar 'yan tawaye. A wannan shekarar ce, ranar 1 ga Satumba, wani matashin hafsa Mu'ammar Gaddafi ya kifar da Sarki Idris a Libiya. Ga abin da ya kamata ɗan kasuwa ya lura da shi: a farkon 1970, sojojinta na can suna yaƙi a Chadi, Faransa ta ƙulla cinikin sayar wa Gaddafi jiragen yaƙi samfurin Mirage sama da 100. Ba ta ga wani karo a tsakanin abubuwan biyu ba. Ciniki daban, siyasa daban.

Gaddafi yana da buƙatarsa a Chadi. Akwai wani zirin hamada a kan iyakar ƙasashen biyu da ake kira Awuzu, mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 114,000, wanda ake raɗe-raɗin akwai ma'adinin yuraniyom a cikinsa. Libiya ta ce nata ne, hujjarta wata yarjejeniya da Faransa da Italiya suka sa wa hannu a 1935 amma ba a taɓa kammala tabbatar da ita ba. A 1973 sojojin Libiya suka zauna a Awuzu. Daga tsakiyar shekarun 1970 kuma kuɗin man Libiya ya fara kwarara zuwa Mosko, ana sayo tankoki da jirage da makaman kakkaɓo jirage. Tarayyar Sobiyet a wannan labari ta fi kama da babban dila: tana sayarwa, tana karɓar kuɗi masu ƙwari, tana aiko masu koyar da aiki da kayan. Ba ta tura sojanta yaƙi a Chadi ba, kuma ba ita ke juya Gaddafi ba. Amma a idon Washintan, duk tankar Rasha da ta tsallaka hamada ƙafar Rasha ce ta tsallaka.

A cikin 'yan tawayen arewa mutum biyu suka yi fice, dukansu Tubawa. Gukuni Wedeye ɗan Derde ne, wato sarkin gargajiya na Tibesti. Hisen Habre haifaffen Faya ne, ya yi karatu mai zurfi a Paris. Duniya ta fara jin sunan Habre a Afrilu 1974, da mutanensa suka kama wata Bafaranshiya mai binciken kayan tarihi, Françoise Claustre, a Bardai suka yi garkuwa da ita. Hafsan da Faransa ta aiko don ya sasanta, Pierre Galopin, shi ma suka riƙe shi, suka kashe shi a 1975. Matar ba ta sami kanta ba sai Janairu 1977, ta hannun Gukuni da Gaddafi. A tsakanin nan, a 1976, abokan biyu sun raba gari a kan Libiya. Gukuni yana ganin a karɓi taimakon Gaddafi a ci gwamnati tukuna, maganar Awuzu a yi ta daga baya. Habre ya ce wanda ya zauna maka a gona ba ya zama ubangidanka. Wannan saɓani shi ya zama ƙofar da kowa ya bi ya shigo.

An kashe Tombalbai a juyin mulkin 13 ga Afrilu 1975, Janar Felis Malum ya hau. A Fabrairu 1978 mayaƙan Gukuni, da makaman Libiya, suka ci Faya suka doshi kudu, sai da Faransa ta sake aiko soja da jirage aka tsayar da su. Don neman mafita Malum ya jawo Habre ya naɗa shi firayim minista a Agusta 1978. Mutumin da ya kashe hafsan Faransa shekara uku baya ya zama wanda ake lallashi, saboda shi ne ke gaba da Gaddafi.

Zaman bai yi wata bakwai ba. Ranar 12 ga Fabrairu 1979 faɗa ya ɓarke a Njamena tsakanin mayaƙan Habre da sojan Malum. Abin da ya biyo baya shi ne ɓangaren da ya fi shafar irinmu. A babban birnin aka bi 'yan kudu ana kashewa, suka kwashe iyalansu suka gudu gida. A kudu kuwa, a Mundu da Sar da wasu garuruwa, aka huce a kan Musulmin da ke zaune a can, aka kashe ɗaruruwa, kuma da yawansu 'yan kasuwa ne da suka yi shekaru suna saye da sayarwa a cikin mutanen. Ba su da bindiga, ba su san Habre ba sai a rediyo. Laifinsu shi ne su ne fuskar arewa da ke kusa, masu shago a bakin hanya, waɗanda kowa ya san gidajensu.

Najeriya ta ga gemun maƙwabci ya kama da wuta. Gwamnatin Janar Obasanjo ta tara ɓangarorin a Kano a watan Maris 1979, aka sa hannu a kan yarjejeniya, Malum ya sauka ya yi hijira zuwa Najeriya inda ya zauna sama da shekara 20, aka kuma tura sojojin Najeriya Njamena don kiyaye zaman lafiya. Aka sake zama a Kano a Afrilu. Da Habre da Gukuni suka haɗa wata gwamnati suka bar wasu ɓangarori a waje, Najeriya ta janye sojanta, ta kuma toshe wa Chadi hanyar kaya da mai. Ƙasar da ba ta da teku hanyoyinta biyu ne manya, ta Duwala da Ngawundere ko ta Najeriya da Maiduguri, kuma dukansu a Kusiri suke haɗuwa. Matsin ya yi aiki, aka koma tebur a Legas, ranar 21 ga Agusta 1979 ɓangarori 11 suka amince da gwamnatin haɗin gwiwa: Gukuni shugaba, Kanar Kamuge na kudu mataimaki, Habre ministan tsaro. Sai dai duk lokacin da gwamnati ta yi amfani da iyaka a matsayin bulala, ba a bayan masu bindiga take fara sauka ba. Mai lodin da ya tsaya a Gamboru shi ya fara biya.

A Maris 1980 aka koma gidan jiya, wannan karon Habre da Gukuni kai da kai a cikin Njamena. Wata tara ana luguden wuta. Sojojin Faransa da ke birnin suka tattara suka fice a watan Mayu. A Yuni Gukuni ya ƙulla yarjejeniyar tsaro da Libiya, a Disamba kuma tankokin Libiya ƙirar Rasha, waɗanda aka jawo ta cikin hamada tafiyar sama da kilomita 1,000, suka shiga birnin. Habre ya haye ruwa zuwa Kamaru, daga baya ya ɓulla a iyakar Sudan. Ranar 6 ga Janairu 1981 aka ba da sanarwa a Tarabulus cewa Libiya da Chadi za su haɗe su zama ƙasa ɗaya.

Wannan sanarwa ta girgiza kowa daga Legas har Alƙahira, kuma ta zo daidai da canjin mulki a Amurka. Mako biyu bayanta Ronald Reagan ya hau, da mutanen da suka ɗauki Gaddafi a matsayin ɗan koren Mosko kuma uban 'yan ta'adda. Hukumar leƙen asirin Amurka ta CIA ta fara aika wa Habre kuɗi da makamai a asirce, ta hannun Masar ta Anwar Sadat da Sudan ta Ja'afar Numeiri, waɗanda su ma ke tsoron Gaddafi. Abin da Amurka ke so ba wai gyara Chadi ba ne. So take a ja wa Gaddafi asara a wurin da ba sai Ba'amurke ya mutu ba. A Agusta 1981 jiragenta suka kakkaɓo jiragen Libiya biyu a kan tekun Sidra, don a san da gaske take.

Faransa kuwa, ƙarƙashin sabon shugaba François Mitterrand, wata hanya ta bi. Ta lallaɓa Gukuni ya sallami Libiyawa, da alkawarin za a kawo sojojin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka su maye gurbinsu. Gukuni ya yarda, Gaddafi ya fusata ya kwashe sojansa cikin gaggawa a Nuwamba 1981. Rundunar Afirka ta zo, daga Najeriya da Senegal da Zayar, ƙarƙashin Manjo Janar Geoffrey Ejiga na Najeriya. Gukuni ya ɗauka za su yi masa yaƙi. Su kuma suka ce aikinsu tsayawa a tsakani ne, ga shi ba kuɗi, ba isassun motoci. Habre ya taso daga gabas yana cin gari bayan gari, ya shiga Njamena ranar 7 ga Yuni 1982. Gukuni ya haye ruwan nan dai zuwa Kamaru, ya koma hannun Gaddafin da ya sallama. A ganina babu wanda aka yi wa sakiyar da ba ruwa a wannan yaƙi kamar Gukuni a wannan shekara.

Shekarar 1983 ta zo mana da namu rabon. Tafkin Chadi yana ja da baya, tsibirai na ɓullowa, masunta da manoma na binsu, ba wanda ya san ainihin inda iyaka take. A Afrilu sojojin Chadi da na Najeriya suka gwabza a kan waɗannan tsibirai, Manjo Janar Muhammadu Buhari, kwamandan runduna ta uku da ke Jos, ya kora 'yan Chadin baya. Najeriya ta rufe iyaka, ba a buɗe ba sai Yuli. Bandar kifi da kanwar da ke fitowa ta Baga, da shanun da ke shigowa kasuwannin Borno, duk suka tsaya ko suka koma bin ɓarauniyar hanya.

Ana cikin haka Gukuni ya dawo daga arewa da goyon bayan Libiya, ya ci Faya a Yuni, ya taɓa Abeshe a Yuli. Habre ya ƙwato Faya, jiragen Libiya suka yi mata ruwan bama-bamai, ta sake faɗuwa ranar 10 ga Agusta. A nan ne saɓanin da ke tsakanin masu goyon bayan Habre ya fito fili, kuma shi ne abin da ya fi ba ni sha'awa a duk tarihin. Amurka ta ware dala miliyan 25 na taimakon soja, ta aika jiragen leƙen sararin sama guda biyu samfurin AWACS zuwa Sudan, Mobutu na Zayar ya aiko sojoji, sannan Washintan ta shiga matsa wa Paris lamba ta fito ta yi yaƙi, tunda a cewarta Chadi fagen Faransa ne. Mitterrand bai ji daɗi ba, kuma bai ɓoye ba. Jam'iyyarsa ta daɗe tana sukar shugabannin baya a kan zama ɗan sandan Afirka. Faransa na da ciniki da Libiya da ba ta son ɓatawa. Ba ta kuma yarda da Habre ba. Amma in ta naɗe hannu, shugabannin Afirka rainon Faransa, irin su Ufwet Bwanyi na Kwaddibuwa da Bongo na Gabon, za su ga laimarta ba ta tare ruwa, su koma inuwar Amurka. Tsoron Gaddafi da kishin Amurka su biyun suka tura Faransa Chadi.

Sai ta zaɓi tsaka-tsaki. Ta aiko soja kimanin 3,000 a Agusta 1983, amma ba don su ƙwato arewa ba. Ta ja layi a taswira, irin layukan nan da ke ratsa duniya daga gabas zuwa yamma, ta ce Libiya da Gukuni kada su ƙetare layi na 15. Da aka harbo mata jirgi a Janairu 1984 ta matsa zuwa layi na 16. Ma'anarsa a ƙasa ita ce an raba Chadi biyu: Faya da Fada da Tibesti na Gaddafi, Abeshe da Njamena da kudu na Habre. Wanda ya ja layin a ofis bai san cewa a kansa ayarin raƙuma ke bi ba, masu sauko da dabinon Borku da gishiri su koma da gero. Kuma 1984 shekarar fari ce da yunwa a duk yankin. A watan Afrilunta ne ma gwamnatin Buhari ta rufe dukan iyakokin Najeriya na ƙasa saboda canjin kuɗi, aka bar su a rufe har Maris 1986. Mutanen Nijar ba su manta ba, har sunan Buhari suka laƙaba wa yunwar shekarar.

A Satumba 1984 Faransa da Libiya suka shirya a tsakaninsu cewa kowa zai janye, ba tare da an shawarci Habre ba. Faransa ta kwashe nata. A Nuwamba Mitterrand ya je tsibirin Kirit na ƙasar Girka ya gana da Gaddafi. Sai Amurkawa suka fito da bayanan tauraron ɗan'adam da ke nuna dubban sojojin Libiya na nan daram a arewa. Kunyar da Mitterrand ya sha ba kaɗan ba ce, kuma Washintan ba ta yi wani ƙoƙarin rufa masa asiri ba. A Fabrairu 1986 aka sake taɓawa: Libiya da 'yan tawaye suka ƙetare layin, jiragen Faransa suka kai hari filin jirgin da Libiya ta gina a Wadi Dum, washegari jirgin Libiya ya jefa bam a filin jirgin Njamena, Faransa ta dawo da soja. Amma wata biyu bayan haka, da Amurka ta tashi kai wa Tarabulus da Bengazi hari a Afrilu 1986, Faransa ta hana jiragenta ratsa samaniyarta, sai da suka taso daga Ingila suka yi dogon zagaye ta kan teku. Abokan tafiya ne, amma kowa da inda ya nufa: Amurka kan Gaddafi take so, Faransa so take ya tsaya a inda yake.

Abin da ya karya Libiya daga ƙarshe 'yan Chadi ne da kansu. A ƙarshen 1986 Gukuni ya ɓata da Gaddafi, har aka harbe shi aka ji masa rauni a Tarabulus, mayaƙansa na Tibesti suka juya wa Libiyawa baya suka haɗe da Habre. Faransa ta ba da motocin Toyota a-kori-kura kimanin 400 da makaman fasa tanka samfurin Milan, Amurka ta ƙara da nata makaman da bayanan sirri. Ranar 2 ga Janairu 1987 Hasan Jamus, babban kwamandan Habre, ya faɗa wa Fada. Dabarar ba ta da wuyar fahimta ga wanda ya san hamada da mota: a taho da gudu ta gefe biyu, a shige tsakanin tankoki kafin su juya bakin bindiga, a harba, a wuce. A Maris Wadi Dum ta faɗi, da jirage da tankoki da na'urorin hango jirage ƙirar Rasha a jibge, aka kama kwamandan Libiya, wani kanar mai suna Halifa Haftar. Faya ta dawo hannu ba a jima ba. Masanan soja na Amurka da Faransa suka yi ta rububin duba kayan Rashan da aka bari, har a 1988 Amurkawa suka shiga da dare suka ɗauko wani jirgi mai saukar ungulu samfurin Mi-25 daga Wadi Dum suka tafi da shi gida. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

A Yuni 1987 Reagan ya karɓi Habre a fadar White House. A Agusta Habre ya ci Awuzu, duk da Faransa ta ja masa kunne ta kuma ƙi ba shi kariyar jirage, Libiya ta ƙwace kafin wata ya ƙare. Ranar 5 ga Satumba mayaƙan Chadi suka kutsa cikin Libiya kanta suka lalata sansanin jirage na Ma'atan as-Sarra. Kwana biyu bayan haka, a samaniyar Njamena, sojojin Faransa suka harbo wani jirgin Libiya ƙirar Rasha da makami mai linzami ƙirar Amurka. Ƙasa huɗu a harbi ɗaya, tarkacen kuma a ƙasar Chadi ya zuba. Ranar 11 ga Satumba aka tsagaita wuta. Ƙiyasin Amurkawa ya ce Libiya ta rasa soja kimanin 7,500 a wannan shekara, da kayan yaƙi na kusan dala biliyan ɗaya da rabi.

Akwai lissafin da masu ba da makamai ba su sa a littafinsu ba. Tun Janairu 1983 Habre ya kafa hukumar 'yan sandan ciki da ake kira DDS, wadda ke ƙarƙashinsa kai tsaye. Ta bi 'yan kudu a 1984, ta bi Hajarai a 1987, ta bi Zagawa a 1989, ƙabila bayan ƙabila, duk wadda wani ɗanta ya saɓa da shugaba. Ɗaya daga cikin kurkukunta a Njamena tsohon wurin ninƙaya ne na zamanin Turawa da aka rufe samansa da kankare aka yanka shi ɗaki-ɗaki. A irin wannan mulki, mutumin da sana'arsa ita ce ƙetare iyaka da kuɗi a jiki, mai abokan hulɗa a ƙasa uku, ba ya rasa mai yi masa kallon ɗan leƙen asiri. Kwamitin binciken da aka kafa bayan faɗuwar Habre ya ƙiyasta a 1992 cewa mutum 40,000 aka kashe ko suka mutu a tsare. Paris da Washintan suna da ofisoshin jakadanci a birnin duk tsawon shekarun, taimako kuma bai tsaya ba.

Wutar ta fantsama har Nijar. Ranar 19 ga Satumba 1989 jirgin fasinja na kamfanin UTA na Faransa, da ya taso daga Barazabil ya yada zango a Njamena zai wuce Paris, ya tarwatse a kan hamadar Tenere, mutum 170 suka mutu. A 1999 wata kotu a Paris ta sami 'yan Libiya shida da laifin, ba sa nan aka yanke musu hukunci.

Ƙarshen Habre ya zo da sauri. A Afrilu 1989 ya zargi manyan kwamandojinsa da shirya juyin mulki. Aka kama Hasan Jamus, gwarzon Fada da Wadi Dum, ya mutu a hannunsu. Idris Debi ya tsira zuwa Darfur, ya sami taimakon Sudan da Libiya. Kafin nan katangar Balin ta faɗi, Tarayyar Sobiyet na fama da kanta, tsoron tankar Rasha a hamada ya gushe. Faransa ta gaji da Habre, musamman yadda ya jingina da Amurka da yadda ya ƙi kiran da Mitterrand ya yi a 1990 na a buɗe fagen jam'iyyu. Da Debi ya taso daga gabas a Nuwamba 1990, da irin motocin nan da irin dabarar nan, sojojin Faransa na Abeshe da Njamena suna kallo, ba su tare shi ba. Ranar 1 ga Disamba Habre ya haye zuwa Kamaru, daga can ya wuce Dakar. Amurkawa kuwa abin da ya dame su shi ne Haftar da ɗaruruwan fursunonin Libiya da aka juya aka horar don su yaƙi Gaddafi. Aka kwashe su cikin gaggawa ta Najeriya zuwa Zayar, daga nan Kenya, wasunsu har Amurka. Haftar ya yi shekara 20 a jihar Bajiniya, ya koma Libiya a 2011, kuma shi ne yau ke riƙe da gabashin ƙasar.

Awuzu, wadda aka zubar da jini a kanta, ba bindiga ce ta raba gardamarta ba. Ƙasashen biyu suka kai ƙara Kotun Duniya da ke Heg, lauyoyi suka baje tsofaffin takardu, ranar 3 ga Fabrairu 1994 kotu ta ce ta Chadi ce, bisa wata yarjejeniya da Faransa da Libiya suka yi tun 1955. Kafin ƙarshen Mayu sojojin Libiya sun fice a gaban masu sa ido na Majalisar Ɗinkin Duniya. Habre kuma sai da waɗanda suka tsira daga kurkukunsa suka yi shekara sama da 20 suna bin shari'a kafin wata kotu ta musamman a Dakar ta yanke masa ɗaurin rai da rai ranar 30 ga Mayu 2016. Da aka ɗaukaka ƙara a 2017 kotu ta tabbatar da hukuncin, ta kuma ce a biya mutum 7,396 diyyar sefa biliyan 82. Ya rasu a Dakar ranar 24 ga Agusta 2021, ba a biya ko ɗaya daga cikinsu wannan kuɗi ba.